Ajiyar Inna Tabawa

Akwai wani ɗan ƙullin jan zare a gefen rigar Malam Falalu, can ƙasa, wajen da ake cusawa cikin wando. Girmansa bai wuce ƙwayar dawa ba. Duk lokacin da ya tsuguna alwala sai rigar ta zame, ƙullin ya leƙo, shi kuma ya yi wuf ya mayar da shi ciki. Reza kawai zai sa ya rabu da shi. Ya sha ɗauko rezar, ya sha mayar da ita.

Ran da aka kawo gawar Ɗanjuma ma ya ga ƙullin. Yana durƙushe yana ɗaure igiyar takalmi a ƙofar zauren Baba Dogara, sarkin pawan unguwar Hausawa ta Ogui, inda ya fake tun da rikici ya tashi, sai ya ji salati ya tashi daga bakin layi.

A kwanakin nan unguwar ba ta da zance sai na tafiya. Tun da jiragen ƙasa suka fara saukowa daga Arewa cike da mutanen Ibo, masu rauni da masu kuka da waɗanda suka daina magana, garin Enugu ya juya wa baƙinsa baya. Rediyo ya ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya tattara ya tafi, hukuma ba za ta iya tsare masa rai ba. An yi alkawarin jirgi washegari da safe. Mata suna ta ɗaure kaya suna kwancewa, mahauta sun soye sauran naman da ya rage don guzuri. Baba Dogara ya hana kowa wuce bakin layi.

Ɗanjuma bai ji ba. Ɗan dako ne, saurayi dogo mai yawan dariya, ya lallaɓa da sassafe ya tafi Kasuwar Artisan ɗauko amalankensa da ya bari can. A kan amalanken aka dawo da shi. Wansa Ya'u ne ke turawa, ƙafafunsa duk taɓo, bakinsa na motsi amma ba a jin abin da yake cewa.

Da aka shigar da shi zaure, Baba Dogara ya ce, "A yi hanzari, jama'a. Kafin la'asar a sa shi a makwancinsa. Ba za mu tafi mu bar shi a fili ba."

Ruwa akwai, makara akwai, masu haƙa sun ɗauki magirbi. Likkafani ne babu. Hammadu mai yadi ya kwashe kayansa ya yi Makurɗi tun makon jiya, kasuwa kuwa ba mai iya zuwa. Wani ya kawo mayafi, sai ga shi da zane-zanen furanni. Wani ya ce a farke babbar rigar liman, liman ya ce a farke, amma shuni ya riga ya ci ta. Ana cikin wannan ne muryar Inna Tabawa ta fito daga bakin ƙofa.

"Baba, ina da shi."

Inna Tabawa mai tuwo ce, tsohuwa ƙanƙanuwa, mijinta ɗan koren shanu ne da ya rasu ya bar ta a garin. Rabin gwagwaren unguwar a tukunyarta suke ci.

"Nawa ne," in ji ta, "wanda ƙanena Auta ya tsoma min a Zamzam. Yana wurin Malam, na ba shi ajiya. A rufe yaron nan da shi. Ni Allah Ya san inda nawa yake."

Zauren ya ɗauki kabbara. Aka juyo gaba ɗaya aka dubi Malam Falalu.

"Alhamdulillahi," Baba Dogara ya ce. "Na-Faransa, ga ranarka ta zo. Kai kaɗai ne za ka ratsa garin nan da wannan igiya taka ta wuya ba a taɓa ka ba. Ɗaura ta ka je ka ɗauko."

Falalu ya ce, "To, Baba." Bai san lokacin da bakinsa ya faɗa ba. Likkafanin da ake maganarsa yana jikinsa. Wani ɓangarensa shi ne rigar da yake sanye da ita, wani kuma ya zama riga ta biyu, tana rataye a ƙusa a ɗakinsa.

Mutumin Tasawa ne, ta ƙasar Nijar, wadda mutanen unguwar har lokacin suke kira Faransa. Ya zo Enugu koyar da Faransanci a wata makarantar kuɗi da ke Uwani, ta wani Mista Anikwe, wanda ya yi masa alkawarin albashin da ya ninka na gida, ya kuma ba shi ɗaki a bayan ajujuwa. Da farko ana biya. Daga baya aka fara ba shi rabi, tun bayan babbar Salla kuma aka daina. Kullum sai a ce masa ƙarshen wata. Ba shi da inda zai kai ƙara. Takardar zamansa da sunan makarantar aka yi ta, ofishin ƙasarsa kuwa yana can Ikko. Da ya taɓa ɗaga murya, Mista Anikwe ya dafa kafaɗarsa ya ce ai shi ɗan gida ne, ɗan gida ba ya ƙirga kwana.

Ba wanda ya sani a unguwa. Ta yaya zai faɗa? Shi ne mai albashi, shi ne mai farar riga da taye, shi ake tarewa da zancen gudummawar suna da biki. Mahauta suna yi masa ba'a, suna cewa Na-Faransa ya ɗaure kansa kamar akuyar layya, amma in ya shigo sai a matsa masa wuri a kan tabarma. Da ya daina biyan kuɗin tuwo, Inna Tabawa ba ta daina zuba masa ba. Langarsa tana nan a wurinta, mai murfi shuɗi, kullum a cike, wani lokaci har da tsokar da ta ɓoye masa a ƙarƙashin miya.

Farkon damina ne ta kira shi ɗakinta. Rufin yana yoyo, gara ta fara cin gindin bango. Ta ɗauko wani ƙunshi a naɗe cikin tsohon zane ta miƙa masa da hannu biyu.

"Malam, an ce kana da adaka mai kwaɗo. Ajiye min wannan. Ƙyalle ne."

Ba ta ƙara ba, shi ma bai tambaya ba. Ƙunshin yana ƙamshin miski.

Ya daɗe a adakar bai taɓa shi ba. Sai ranar da yake rubutu a allo, ya miƙa hannu sama, rigarsa ta ƙarshe ta ce ɓarr tun daga kafaɗa har ƙugu. Ajin ya fashe da dariya, har yaran ajin maƙwabta suka leƙo ta taga. Mista Anikwe ya kira shi ya ce malami dole ya yi kama da malami, ga masu duba makarantu suna tafe, in ba shi da farar riga ya zauna a ɗaki. Da yammar nan ya buɗe ƙunshin. Farin alawayyo ne mai kauri, ba a yanka ba, da ɗan ƙullin jan zare a kusurwa ɗaya. Ya ce wa kansa ai alawayyo alawayyo ne, akwai shi a kowace kasuwa, ƙarshen wata zai sayo irinsa ya mayar, ba wanda zai cutu.

Telan da ya kai wa, wani ɗan Ibo mai barkwanci, ya murza yadin ya shinshina ya yi dariya. "Ticha, dis wan na fo beri pesin o!" Wato wannan ai na binne mutum ne. Falalu ya yi dariya shi ma. Amma tun kafin telan ya faɗa, wani wuri a cikin zuciyarsa ya riga ya sani. Tsohuwa ba ta ajiye farin yadi da miski don ɗinkin Salla. Riga biyu suka fita, telan ya riƙe sauran a bakin kuɗin ɗinki. Don ya rage wa kansa aiki sai ya bar bakin yadin ya zama gefen riga, ƙullin ya zauna inda yake.

Abin da Falalu bai sani ba sai yau shi ne zancen Zamzam. Labarin Auta kuwa ya sha jinsa a bakin murhu: yadda ya tafi Makka a ƙasa ta Sudan, ya yi shekaru yana noman ƙodago a hanya, ya dawo a rame ba shi da komai sai tsarabar yayarsa, bai yi damina biyu ba ya rasu. Falalu bai taɓa tambayar mece ce tsarabar ba.

Ya ɗaura tayen ya fita. Kafin ya kai titi Baba Dogara ya ɗaga murya, "Kada ka tsaya gaisuwa, Malam, rana ba ta jira!"

Titin Ogui ya yi shiru irin wanda bai saba ba. An rufe shaguna, teburan masu talla a kife. Wajen gadar jirgi wasu samari sun gicciya gungume, suna riƙe da sanduna da adduna. Suka tare shi da Turancin kasuwa, ya amsa musu da Faransanci, da ƙarfi, yana nuna ƙirjinsa yana kiran sunan makarantar. Ɗaya daga cikinsu, mai ɗaurin tsumma a kai, ya matso kusa da kunnensa ya ce da Hausa tsantsa, irin ta 'yan Sabon Gari, "Sannu da rana, Malam. Yaya mutanen gida?"

Falalu bai ko ƙifta ba. Ya dube shi kamar wanda aka yi wa yaren aljanu. Saurayin ya ƙura masa ido, sannan ya ɗaga gungumen da ƙafa. Falalu ya wuce yana jin gumi na bin bayansa, alawayyon yana shanyewa.

Yana tafe yana shirya magana. Zai ce wa Mista Anikwe shi ba bara ya zo ba, haƙƙinsa ya zo karɓa. Zai tuna masa cewa tun kafin rikici aka daina biyansa, lokacin da ake ɗora bene a kan gidan mai makaranta. Zai karɓi ko rabi ne, ya shiga kasuwa da tayensa ya sayi alawayyo. Har kalmomin da zai fara da su ya tsara.

Da ya shiga ƙofar makarantar sai maganar ta tsere masa. Filin wasa ya cika da mutane da ƙunshin kaya. An fitar da bencina waje, an shimfiɗa tabarmi a ajujuwa. A ajinsa, ƙarƙashin allon da har yanzu yake ɗauke da rubutunsa na Faransanci, wani dattijo yana kwance, hannunsa ɗaya a naɗe da tsumma har gwiwa, kuma naɗin ya ƙare inda bai kamata hannu ya ƙare ba. Wata mata tana jan ɗanta daga bakin ƙofa tana cewa, "Zauna nan, kar ka fita, ka ji ko?" Da Hausa take yi masa magana. Da alama yaron ba ya jin wani yare.

Ya sami Mista Anikwe a ɗakin ajiyar kaya, da singileti, yana auna wa mata garin rogo da gwangwani. Mutumin ya yi aikin jirgin ƙasa a Zariya da ƙuruciyarsa, Hausa a bakinsa take, sai dai ɗan karkacewar harshe.

"Falalu! Kana da hankali kuwa? Yau ka fito?"

"Ranka ya daɗe, na zo ne kan maganar..." Ya rage murya. "Maganar albashina."

Matan suka ɗago. Sun ji. Dukkansu suna jin Hausa.

Mista Anikwe ya ajiye gwangwanin. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya nuna wata mata da ke zaune a kan buhu can kusurwa, da farin yadi a cinyarta, tana yagawa sili-sili tana naɗewa. "Ka ga wannan? Ƙanwata ce. Daga Gusau take. Ita ta sauko, mijinta bai sauko ba. Je ka gaya mata albashi kake so, wataƙila tana da shi."

Zancen benen yana kan harshen Falalu. Gaskiya ne, kuma har yanzu gaskiya ne. Amma ya kasa ɗaga shi a gaban matar. Idonsa ya sauka kan yadin da ke cinyarta. Yadin rigunan ɗalibai ne, wanda makarantar ke sayar wa iyaye a farkon shekara, fari fat, mai santsi. Bandir ɗin ya kusa ƙarewa.

"To a ba ni yadi," ya ce a hankali.

"Wane yadi?"

"Wancan."

"Ka yi me da shi? Ga mutane jini na zuba, kai riga kake so?"

"An kashe mana mutum da safen nan. Ba mu da abin rufe shi."

Wata daga cikin matan ta yi tsaki ta faɗi wani abu da yarensu, wata ta amsa mata da zafi. Mista Anikwe ya je ya tsuguna gaban ƙanwarsa ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ba ta saki nan da nan ba. Ta dubi Falalu tun daga tayen har takalmi, sannan ta buɗe hannuwanta.

"Babba ne?" Mista Anikwe ya tambaya.

"Saurayi ne. Dogo."

Mista Anikwe ya riƙa aunawa daga hanci zuwa yatsa, yadda 'yan kasuwa ke yi. Da ya kai inda zai yanka sai ya dubi ɗan abin da ya rage, ya ƙara masa kaɗan, ya sa haƙori ya yaga. Ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba.

"Gobe ka bi mutanenka. Kada ka dawo nan, ba zan iya tsare ka ba. Maganar kuɗinka, in ƙasa ta zauna..." Ya ɗauki gwangwaninsa.

Falalu ya gane an gama biyansa ke nan. Ya yi godiya, har da rusunawa.

A ɗakinsa ya buɗe adakar. Tsohon zanen yana nan a ƙasa, miskin bai gama barinsa ba. Ya ninke sabon yadin yadda ya tuna an ninke wancan, ya naɗe, ya ɗaure da irin ƙullin da ta yi. Ya sauko da ɗaya rigar daga ƙusa, ya haɗa da tsohuwar da ta yage ya cusa a jaka. Ya so ya cire ta jikinsa, amma da me zai ratsa gadar jirgi?

Azahar ta wuce ya iso. An riga an yi wa Ɗanjuma wanka, maza suna zaune jugum a ƙofar zaure. Falalu ya nufi Baba Dogara kai tsaye, yana miƙa ƙunshin tun daga nesa, so yake ya shige ciki kafin wani ido ya sauka a kansa. Tsohon ya ɗaga hannu.

"A'a, Malam, ba ni na ba ka ba. Ajiya hannun mai ita ake mayar da ita, ta duba ta ce ta karɓa, sannan ka fita daga ciki. A kira Tabawa."

Ta fito daga cikin mata ta zauna a dokin ƙofa. Falalu ya durƙusa a gabanta ya ajiye ƙunshin da hannu biyu. Ya ji lokacin da rigar ta zame daga ƙugunsa ta baya, ta biyo gefe. Hannuwansa suna kan ƙunshin, idanun mutane suna kan hannuwansa. Bai iya kaiwa ya gyara ba.

"Sannu, Malam. Ka sha hanya," in ji ta. "Ba su taɓa ka ba dai?"

"Ba su taɓa ni ba, Inna."

Ta yi bismilla ta kwance. Farin yadin ya bayyana, yana ɗaukar ido. Bubayero mahauci, wanda bai iya riƙe bakinsa ko a gidan makoki, ya leƙo ta kafaɗar wani ya ce, "Kai! Yadin Makka daban ne. Ku dubi santsi, kamar cikin ƙwai."

Inna Tabawa ba ta dubi yadin sosai ba, idonta ya riga ya yi rauni. Yatsunta ne suka bi bakinsa. Suka kai kusurwa, suka tsaya, suka murza. Ta juya shi, ta bi ɗaya gefen har kusurwa ta biyu. Ta uku. A ta huɗu ta tarar da zare-zaren inda aka yaga. Ta ɗaga yadin ta kai hanci, ta daɗe. Da ta sauke, idonta ya biyo ƙasa, ya wuce gwiwar Falalu, ya tsaya a gefen rigarsa. Kusa take da shi ƙwarai, ba ta bukatar ido mai ƙarfi. Ya ga yadda ta bi rigar da kallo, daga ƙullin zuwa maɓallai, zuwa wuya, inda gumi da alli suka bar shaida. Fuskarsa kaɗai ba ta duba ba.

Ya'u ya rarrafo ya durƙusa kusa da su. "Inna, in taɓa?" Ya shafa yadin da tafin hannu, ya shafa a fuskarsa, sai kukan da ya riƙe tun safe ya ƙwace. "Ɗanjuma da ko Kano bai taɓa zuwa ba. Ɗanjuma a yadin Zamzam. Zan gaya wa tsohuwarmu, wallahi zan gaya mata, zuciyarta za ta yi sanyi."

Baba Dogara ya yi gyaran murya. "Tabawa, kin ga ajiyarki? Ita ce?"

Falalu ya buɗe baki. Ya ji maganar ta taso har maƙogwaro. Ya dubi Ya'u, fuskarsa tana cikin yadin. Ya rufe bakin.

Inna Tabawa ta ninke yadin ta miƙa wa sarkin pawa. "A kai masa, Baba," ta ce. "Rana na yi."

Ta tashi ta koma cikin mata.

Ya'u ya kama hannuwan Falalu duka biyu yana jijjigawa. "Malam, ka sa ranka a hanya saboda ƙanena. Allah Ya saka maka. Allah Ya rufa maka asiri duniya da lahira." Jama'a suka ce amin. Bubayero ya ce daga yau ya daina kiransa akuyar layya. Falalu ya cusa rigar cikin wando. A sahun gaba aka tsayar da shi wajen sallar gawa, kusa da liman.

Da magariba bai je cin tuwo ba. Ya ari bokiti ya wanke rigunan biyu a bayan rumfar mahauta, ya cuɗa wuyan har yatsunsa suka yi ja, ya shanya a kan igiyar da ake rataye fata. Ya sa tsohuwar rigarsa, ya kama yagewar da fil. Wani ya tambaye shi ina ta gayun, ya ce ya wanke don tafiya.

Gari na wayewa motocin soja suka tsaya a bakin layi don raka mutane tasha. Unguwar ta cika da kiran sunaye da kukan yara da ƙarar kwanuka. Falalu ya ninke rigunan, ba su gama bushewa ba, ya nufi ɗakin Inna Tabawa. Ya yi sallama. Ta amsa ba ta juyo ba. Ɗakin ya zama fanko, sai tabarma ɗaya da tokar murhu, da ƙunshin kayanta da take ƙoƙarin ɗaurewa.

Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya tura rigunan kan tabarmar.

"Inna," ya ce. "Inna, tun babbar Salla ba a biya ni ba. Na ce zan sayo wani in mayar. Ban san... na sani, amma ban san na Auta ba ne. Sauran yana wurin tela."

Ya jira ta yi masa faɗa, ko ta kira Baba Dogara, ko ta yi kuka. Ta gama ƙullin da take yi tukuna. Sannan ta jawo rigunan. Ta ɗaga ta farko, ta bi gefenta da yatsu, ta ajiye. Ta ɗaga ta biyu, yatsunta suka sami abin da suke nema. Ta kai ta hanci. Falalu ya san abin da za ta ji: sabulu, da ɗan warin fata daga igiyar mahauta. Duk da haka ta daɗe da ita a fuska.

Ta shimfiɗa ta a cinya, ta sa haƙori ta ciccire maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta tara su a kan tabarma. Ta ninke rigar ƙanana, ta naɗe a tsohon zanen, ta kwance bakin ƙunshin kayanta ta sa a sama, inda hannu zai fara samu in an buɗe. Ɗaya rigar ta bar ta inda take. Ta miƙa hannu bayanta ta jawo langa mai shuɗin murfi ta ɗora a kai. Tuwon jiya ne, ta ɗumama shi, tururi yana fita ta gefen murfin.

A waje mota ta yi ham. Wani yana kiran mata da tsofaffi su fara fitowa.

Ta naɗa gammo ta aza. Falalu ya zabura ya kama gefen kayan zai ɗora mata. Ta ɗan juya kafaɗa, kaɗan kawai, hannunsa ya zame. Ta jawo ƙunshin kan gwiwa, ta numfasa, ta ciccibe shi zuwa kai ita kaɗai, wuyanta yana rawa har ya daidaita. Ta laluba takalmanta da ƙafa a bakin ƙofa, ta sunkuya don kada kayan su bugi saman ƙofar, ta ratsa ta gefensa ta fita.